Tarihin Tashar Dagaa, Wadda Ta Juya wa Garinta Baya

Haihuwa da asali

An haifi tashar talabijin ta Nyota ya Ziwa, wato Tauraron Tafki, a shekarar 1996, a garin Kigoma, a bisa tudun da ke kallon tafkin Tanganyika, cikin wani ɗaki guda mai rufin kwano wanda a da ma'ajiyar gishiri ne. Iyayenta biyu ne: Mzee (wato dattijo) Ntahondi Kayanda, attajirin busasshen kifi, wanda ya sayo na'urar watsa hoto 'yar gwanjo daga Dar es Salaam ya ɗoro ta a jirgin ƙasa, da kuma Feruzi Tambwe, mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda ya harhaɗa ta, ya kafa mata dogon ƙarfe, ya ɗora eriya a ƙololuwarsa. Tun ranar da ta fara magana ba wanda ya kira ta da sunan da ke kan lasisinta. Mutanen gari suka ce ƙanƙantarta ta yi yawa, suka laƙaba mata Dagaa, sunan 'yan ƙananan kifayen nan da muke shanyawa a bakin ruwa, kuma da wannan suna ta koma ga ƙasa.

Ƙuruciya

Ƙarfinta kaɗan ne, domin hotonta ba ya wuce Ujiji ta kudu, ta arewa kuwa da ƙyar yake kai wa masunta na Kibirizi. Tana sa kaset na ƙwallo da na waƙoƙi, amma abin da ya haɗa ta da jama'a shi ne sanarwar rasuwa. Al'adar ita ce, duk wanda aka yi wa rashi zai hau tudu da hoton mamacinsa, Feruzi ya liƙa shi a kan allo mai baƙin ƙyalle ya nuna masa kyamara, ita kuma Bi Mwamini Kasongo, tsohuwar malamar firamare wadda ita ce muryar tashar, ta karanta suna da dangi da wurin zaman makoki. Idan an gama da matattu sai a ɗauko allo na biyu mai koren ƙyalle, a yi cigiyar abin da ya ɓata, ko yaro ne, ko akuya, ko keke. Ba a taɓa haɗa allunan nan biyu ba.

Juyar da eriya

A shekarar 1998, a watan da yaƙi ya sake ɓarkewa a Kongo, Songoro, ɗan Feruzi tilo, mai shekara goma sha tara, ya bi wani kwalekwale da ke kai gishiri da sabulu ƙetaren tafki, ɓangaren Kongo. Kwalekwalen bai dawo ba. Wasu suka ce sojoji ne suka kwashe su, wasu suka ce ruwa ne. Dangi suka nemi a yi addu'a a rufe maganar, liman ma ya yi nasiha, amma Feruzi ya ɗauki hoton ɗansa, sanye da farar rigar sallah, ya liƙa shi a kan koren allo, ya ce a nan zai zauna sai an ga gawa ko an ga mutum.

Bayan haka ne ya hau dogon ƙarfen ya juya eriya yamma, ta fuskanci ruwa, ta ba gari baya. Hujjarsa ita ce, yadda muryar masunci take tafiya nesa a bisa ruwa, haka hoto ma zai yi, kuma idan Songoro na raye a can wata rana zai ga fuskarsa ya san ana jiransa. Daga ranar hoton tashar ya koma dishi-dishi a cikin gari.

An ruwaito cewa Mzee Ntahondi ya hau tudun da kansa, yana haki, ya kira Feruzi da sunan ɗansa, ya ce, "Baba Songoro, matata ta ce an baɗa wa Bi Mwamini gari a fuska. Me ya sami kayanmu?"

Feruzi ya ce, "Iska ce, Mzee."

Mzee ya ɗaga kai ya dubi eriya, ya juya ya dubi tafki. Sannan ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe mana wannan iska. Kai dai kada ka wahalar da kanka wajen gyara ta."

Duk garin an san zancen, ba kuwa wanda ya kai ƙara. Kowa sai ya nemi gora mai tsawo ya ɗaure tasa eriyar a kai, wanda shi ne dalilin da ya sa a zamanin ƙuruciyarmu rufin gidajen Kigoma ya cika da dogayen gora.

Hannu na biyu

Allah ya yi wa Mzee Ntahondi rasuwa a shekarar 2003, magadansa suka sayar da tashar ga wata majami'a da ke ƙarƙashin Fasto Elikana Ruhomvya. Aka sauya mata suna, aka cire kaset na waƙoƙi aka sa mawaƙan coci, amma aka bar Feruzi da Bi Mwamini a bakin aikinsu. Magada ba su faɗa wa Fasto sirrin eriya ba, a bakin matan cocinsa ya ji. Sai ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya ce, "Mzee Feruzi, ina da tambaya. Ni wa nake yi wa wa'azi kullum, mutane ko kifi?"

Feruzi ya ce, "Fasto, duk bayin Allah ne."

Fasto ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce a bar ta yadda take, da sharaɗi guda: mawaƙansa su riƙa shiga kafin cigiya, ko na ƙetare ma sa samu rabonsu. Shekarun nan su ne mafi kwanciyar hankali a rayuwar tashar, sai dai har suka ƙare ba wanda ya san ko hoton na isa can ko a tsakiyar ruwa yake narkewa.

Hannu na uku

A shekarar 2007 aka mayar da Fasto Elikana garin Mwanza, majami'ar ta sayar da tashar ga Bwana Gaudence Mrope, wani ɗan kasuwa mai sayar da wayoyin hannu wanda talla ce bukatarsa. Ba mugun mutum ba ne. Cewa ya yi, "Mzee, na ji labarin ɗanka, Allah ya bayyana shi, cigiyarka kuma tana nan ba zan taɓa ta ba. Amma masu sayen wayoyina a gari suke." Feruzi bai yi musu ba, ya hau ya juyo eriya. A ranar ne mutanen Kigoma suka ga fuskar Bi Mwamini tangararan, suka tarar ashe kanta ya yi furfura.

Ba a daɗe ba sai ga wani mai kwalekwale daga ƙetare, Asende Wilondja, ya hau tudun da ƙunshin bandar kifi a hannu, irin wanda ake kai wa gidan makoki. Ya gaida Feruzi gaisuwar manya, ya ce, "Mun zo ta'aziyya ne, Mzee. Mun ga Dagaa ta mutu, hotonta ya daina zuwa mana." Ya bayyana cewa a ƙauyensu, Mulembwe, akwai talabijin guda da ke aiki da batirin mota a wani shago, kuma idan ruwa ya kwanta sama ta washe hoton na zuwa musu, har sun haddace sunayen matattun Kigoma. Ya ƙara da cewa, "Ɗan nan naka kuwa, mai farar riga, ko yaran ƙauyenmu sun san shi."

Feruzi ya ce, "Kun gan shi?"

Asende ya sunkuyar da kai, ya ce, "A talabijin kawai, Mzee."

A yini guda Feruzi ya sami tabbacin abu biyu: cewa saƙonsa na ƙetare ruwa tun da daɗewa, da kuma cewa ba a amsa ba. Bi Mwamini ta same shi zaune a kan dutse a gindin ƙarfen, ta ce, "Baba Songoro, ko mu mayar da hoton kan baƙin allo? Ka huta, shi ma ya huta."

Ya ce, "Mama, ƙauye ɗaya ne ya yi magana. Gaɓar nan da tsawo."

Shekarun tsufa

A shekarar 2009 Bwana Gaudence ya sayar da tashar ga wani kamfani na Dar es Salaam wanda lasisi kawai yake so, kuma har ta mutu ba wani wakilinsa da ya taɓa hawa tudun. Da Feruzi ya ga ba mai tambaya, sai ya sake mayar da eriya ga ruwa. Ƙafafunsa sun yi rauni a lokacin, maƙwabta ne suka riƙe masa igiya. Gari kuwa ya riga ya koma kallon tashoshin tauraron ɗan'adam, gororin nan suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba a sake kafa su ba.

Bi Mwamini ta rasu a shekarar 2012. Feruzi ya liƙa hotonta a baƙin allo, ya jingine kyamara a kan ƙafafunta uku, ya karanta sanarwar da muryarsa, wanda shi ne karo na farko da aka ji shi a tashar. Daga nan ya zama shi ne mai shara, shi ne mai tayar da janareta, shi ne mai karatu. Wani lokaci mako ya wuce ba a kawo masa ko hoto ɗaya ba, sai ya nuna baƙin allo wayam, ya ce yau Kigoma ba ta yi rashi ba, sannan ya ɗauko koren.

Rasuwa da jana'iza

A shekarar 2015 wa'adin kashe tsofaffin na'urorin watsa hoto ya iso, kamfanin ya sanar da shi ta waya. A shirin ƙarshe Feruzi ya liƙa hoton tudun da ƙarfensa a baƙin allo, ya sanar da rasuwar Dagaa kamar yadda ake sanar da ta kowa. Waɗanda suka kalla sun zaci a ranar zai haɗa ɗansa da ita. Sai ya ajiye baƙin allo, ya ɗauko kore, ya ce, "Songoro, daga gobe ba za ka ƙara ganina a nan ba. Ba fushi na yi ba, kashe kayan za a yi. Gida yana inda ka bar shi, bayan masallaci, ƙofar ce kawai na sake. Idan ka manta hanya, tambayi kowa." Sannan ya kashe na'urar da hannunsa.

Aka yanke dogon ƙarfen da hantsi, a gaban 'yan tsirarun maƙwabta da kwalekwale biyu na mutanen Mulembwe waɗanda suka ƙetaro domin Dagaa. Aka naɗe na'urar a tabarma, aka sauko da ita daga tudu a kafaɗa zuwa gidan Feruzi, inda take har yau a ƙarƙashin gadonsa. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba Songoro, yanzu wa zai riƙa faɗa mana waɗanda suka mutu a garinku?"

Waɗanda ta bari

Dagaa ta rasu tana da shekara goma sha tara. Ta bar ɗakinta, wanda ya koma ma'ajiyar gishiri. Da guntayen ƙarfenta, waɗanda suka zama ginshiƙan rumfar masu kifi a Kibirizi. Da mutanen Mulembwe. Da Mzee Feruzi Tambwe, wanda ke zaman ƙofar gidansa fuska ga yamma. Da kuma Songoro Feruzi, wanda mahaifinsa ya ce a rubuta sunansa a nan, cikin masu rai.