Wuyan Rigar Mahaifina

Riga ɗaya mahaifina ya bar mini, farar shadda mai aska takwas, ɗinkin hannu. A wani shagon tela da ke bayan tashar Konni aka yi ta. Tsohon mai shagon da kansa ya zana aikin, masu allura uku suka yi wata biyu a kanta, suna zaune bisa tabarma. Duk mazan gidanmu can ake yi musu ɗinki, ba mu san wani tela ba.

Da idon tsohon ya yi rauni, sai ya sayar wa wani Alhaji mai shigo da yadi daga Najeriya da shagon, ya koma gonarsa a Dogarawa. Ranar da zai tafi na tarar da shi yana ɗaure kaya. Ya ce, "Kada ka sake gidan ɗinki, ɗana. Mutumin ga ya yi mini alkawari masu allura suna nan daram."

Na kuwa yarda, don ban taɓa jin tsohon ya faɗi abin da ba shi ke nan ba.

Bayan shekara aka haifa mini jikan fari, na ce da rigar nan zan zauna wurin suna. Wuyanta ya ɗan yage ta baya, bai kai tsawon yatsa ba. Na kai shagon. Ban ga tabarma ba, sai wani ƙaton keken aiki yana ta ruri. Na tambayi masu allura, Alhajin ya ce sun tafi salla. Ƙarfe goma na safe fa. Wallahi har yau haushin kaina nake ji da ban naɗe rigata na fita ba. Na dai nuna masa yagar, na ce ita kaɗai za a kama, da hannu. Ya ce, "An gama, Malam."

Ana gobe suna na koma. Ya warware rigar yana murmushi. An yanke wuyan da gaban duka, an ɗora wani aikin keke mai ƙyalli kamar takardar alewa. Ya ce, "Na sabunta maka ita, wancan ai ya tsufa."

Na ce ina wanda aka cire? Ya yi mini nuni da baki. Yana ƙarƙashin keken, da shi ake goge mai, ya yi baƙi ƙirin. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba, har maƙwabta suka shigo ba ni haƙuri. Da tsohon kaftani na yi sunan.

Sati na zagayowa na hau kabu-kabu zuwa Dogarawa da rigar, cike da niyyar in sauke wa tsohon abin da ke cikina. Na same shi a zaure, ido ya tafi gaba ɗaya. Na ɗora masa ita a cinya. Ya shafa gefe ya gane ta nan take, har ya ambaci mahaifina ya yi masa addu'a. Sannan yatsunsa suka hau wuyan, suka tsaya.

Can ya ce, "Ina ka kai ta?"

Na ce, "Inda ka ce in kai, Baba."