Faifai Uku da Makullin Baba Liman

Yalwawa, Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin wata Juma'a na fita daga gida, cikin damina, shekara biyu bayan an fara shari'a a jiharmu. Maigidana ne ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa tasha. A jakata akwai zane ɗaya na canji, da wata takarda mai shafi shida da na buga kwafi biyu a ofis, da faifan kwamfuta uku da na naɗe cikin ɗankwali.

Ga abin da ya fitar da ni. Yayana Sani malami ne a makarantar jeka-ka-dawo ta garinmu, wani ƙauye can bayan Kafin Hausa. Wani ɗan garin ya ba makarantar tsofaffin kwamfutoci biyar, aka kira mai gyara daga Kano ya zuba musu babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya. Mai gyaran nan yana cin tuwo ya saki baki, ya ce ai kwafin sata ce, kowa ita yake sakawa, ta gaskiya sai gwamnati. Baba Liman, shugaban kwamitin iyayen yara, yana zaune a wurin. Washegari ya sa wa ɗakin kwamfutocin kwaɗo, ya ce ba za a koya wa yaran garin karatu da kayan sata ba. Kuɗin lasisi kuwa ya fi ƙarfin makarantar. Yaya ya aiko mini da wasiƙa cewa ranar Asabar bayan la'asar kwamiti zai zauna a mayar wa mai kyauta kayansa, ɗakin kuma a zuba taki.

Ni ma'aikaciyar kwamfuta ce a wani ofis a Dutse. Abokin aikina Istifanus, mutumin Filato, shi ya dawo daga kwas da labarin wata manhaja mai suna Linux, wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Ya koya mini ita wata huɗu a kan wata kwamfuta da aka jefar a sito. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar mini faifan ukun, kuma su ke nan gare ni. Shugaban sashenmu da ya ji inda za ni sai ya yi dariya, ya ce, "Hajara, araha ba ta ado. Ki ce wa Liman ya kawar da kai kawai, kowa ma haka yake yi." Na ce masa wannan kawar da kan ne ya gundure ni. Wai talaka ko ya yi sata ko ya haƙura, babu hanya ta uku. To ni ina da ta uku a cikin ɗankwali.

Shuwarin zuwa Kiyawa

Bas ɗin Jahun bai cika ba sai ƙarfe bakwai saura kwata. Naira ɗari da ashirin aka karɓa. Mata a baya, maza a gaba, kamar yadda aka saba a lokacin. Na samu wuri kusa da taga, gefen wata dattijuwa mai kwandon kaji biyu, za ta suna a Jahun. Muka wuce Shuwarin, gero ya kai kafaɗa dama da hagu, ruwa kwance a kwalbatoci.

Gab da shiga Kiyawa, wajen bakwai da rabi, muka tarar da shinge. Matasa ne 'yan sa-kai masu duba motoci, suna neman giya da faifan fim. Ba ni da faɗa da aikinsu. Amma da ɗayansu ya buɗe jakata ya warware ɗankwalin, ya ga faifai uku da rubutun hannu a kai, ɗaya, biyu, uku, sai idonsa ya yi haske kamar ya kama kura.

"Hajiya, fim ne mai kashi uku?"

"Ba fim ba ne, ƙanena. Kayan aikin kwamfuta ne."

"Duk haka ake cewa."

Ya jefa su cikin buhun da suke tara abin da za a ƙone. Na sauko daga motar. Direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, don Allah ki bar musu, nawa faifai yake?" Na ce ya tafi in yana sauri, ni ƙafata ƙafar faifaina. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa tsayawa gardama da maza a bakin titi ba. Amma na nemi babbansu, wani mai furfura a gemu, na ce masa, "Malam, shari'a kuka ce. A shari'a ana ƙone abu kafin a ga laifinsa? Ga shagon mai rediyo can, ku saka a gani."

Dattijuwa mai kaji ta taya ni daga cikin mota. "Ku saka mana, mu ma mu kalli fim ɗin, tun da kun tsayar da mu."

Aka tsallaka shagon, aka saka na ɗaya, talabijin ya yi shuɗi bai ce komai ba. Aka saka na biyu da na uku, haka. Babban ya miƙo mini su da hannu biyu ya ce in yi haƙuri. Na haƙura, amma da na duba na biyun sai na ga ƙarfen wani abu a buhun ya ja masa layi a gefe. Minti arba'in muka ɓata a wurin.

Jahun zuwa Kafin Hausa

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka shiga Jahun. Na karya da ƙosai na naira ashirin da kunun tsamiya, na sayi dafaffiyar gyaɗa gwangwani biyu don 'ya'yan Yaya. Motar Kafin Hausa wata tsohuwar tasi ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ƙofar gefena ɗaure da igiya. Naira ɗari.

Wani ɗan kasuwa da ke gaba ya ji ina ba maƙwabciyata labarin shingen, ya juyo ya ce shi bai yarda Bature zai yi abu ya bayar a banza ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce masa ba Bature ɗaya ba ne, mutane ne barkatai a ƙasashe daban-daban, kowa ya sa hannu ya gyara gefensa, kamar aikin gayya. Ya ce to mai gonar wane ne? Na ce duk wanda ya zo da fartanya. Bai gamsu ba, ni ma ban matsa ba, don ruwa ya cinye hanya a wani kwari, sai da muka sauka maza suka tura motar. Mun isa Kafin Hausa sha ɗaya da rabi, zanena jiƙe har gwiwa.

Garinmu

Yaya Sani yana jirana a tasha da babur ɗin aro. Minti ashirin da biyar muka yi a kan burji da taɓo. Bai yi mini sannu da zuwa ba sai da ya tambaya, "Kin zo da su?"

Bayan an sauko daga masallaci muka je zauren Baba Liman. Shi ya raɗa mini suna, don haka na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya tambayi maigidana da yara, sannan ya ce, "'Yar nan, an ce kin zo da wata wadda ba a biya. To wadda na kulle ma ba a biya ba. Mene ne bambancin?"

"Allah gafarta Malam, waccan masu ita ba su yarda ba. Wannan masu ita sun yarda."

"Wa ya ji sun yarda?"

Ya ce shi ba ya karɓar izini a bakin ɗan aike sai da takarda da shaidu. Na ce akwai takarda, tana cikin faifan, na kuma bugo ta. Ya ce to gobe a karanta ta gaban kwamiti. Na roƙi makulli in fara aiki kafin nan, don zubin yana cin lokaci. Ya ce in goge ta satar, wannan ko ba takarda alheri ne, amma yaro ko ɗaya ba zai taɓa ba sai an ji izini. Ya ciro makullin daga aljihun 'yar cikinsa ya ba Yaya, ba ni ba.

Na kwana a ɗakin matar Yaya, bayan tuwon gero da miyar yakuwa da man shanu. Sauron garinmu bai manta da ni ba.

Asabar

Ƙarfe bakwai aka tayar da janaretan makaranta, da man da Yaya ya saya galan biyu. Kwamfuta ta farko ta karɓi faifai na ɗaya lafiya. Da aka zo na biyu, mai layin nan, sai ta tsaya tana ƙugi. Na fitar, na goge da gefen mayafina, na mayar, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Yaya ya fita waje don kada in ga fuskarsa. Na zauna na tuna Istifanus ya taɓa nuna mini yadda ake zaɓar abin da za a zuba a bar sauran. Na sake farawa daga tushe, na cire wasanni da wasu tarkace, na bar abin rubutu da na lissafi. Ta wuce.

Kafin azahar uku sun tashi. Ta huɗu ta tashi ana kiran la'asar. Ta biyar ta ƙi sam, ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan, kuma na'urar buga takarda ba ta ga maciji da sabuwar manhajar. Ban ɓoye wa kowa wannan ba. Wanda ya ce muku manhajar kyauta ba ta da wahala, bai taɓa zuba ta da janareta mai tari ba.

Kwamiti ya zauna a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, dattawa bakwai a kan tabarma, ni a gefe a kan benci. Baba Liman ya sa ni in karanta Turancin in fassara, ya sa malamin Turanci na makarantar ya riƙe kwafi yana bi, kada in yi ƙari don son raina. Ya naɗa mutum biyu shaidu. Shafi shida, wajen awa ɗaya. Wani dattijo ya yi gyangyaɗi, wani ya ce a taƙaita, Baba Liman ya ce ba a taƙaita izini.

Da na zo inda aka ce an yarda ka kwafa, ka gyara, ka bayar, amma wanda ka ba shi ma yana da irin wannan dama, ba ka da ikon toshe masa, sai ya ɗaga hannu.

"Maimaita nan."

Na maimaita. Malamin Turanci ya ce haka yake.

"Wannan ai waƙafi ne," in ji Baba Liman. "Rijiyar bakin kasuwa kakana ya haƙa. Kowa ya ja ruwa, amma ba mai sa mata murfi da kwaɗo." Ya dubi sauran. "Ni littattafan da nake karantarwa da hannuna na kwafe su a zauren malamina, bai ce in biya ba, ya ce in ba na baya. Allah Ya shiryi masu wannan abu, sun san ilimi."

Ya tashi, muka bi shi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kalli allunan kwamfutocin huɗu suna haske, ya karɓi kwaɗon daga hannun Yaya ya jefa a aljihu, ya ce ranar Litinin yara su shigo. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na so a ce shugaban sashenmu yana wurin.

Ina naɗe faifaina cikin ɗankwali sai Baba Liman ya ce, "Ina za ki kai su?"

"Gida, Allah gafarta Malam. Su ke nan gare ni."

"Makarantar garin gaba ma an ba su irin injin nan uku, kuma mai gyaran nan ne ya je musu. Limaminsu ya aiko yana tambayata hukunci." Ya miƙo hannu. "Ke kika karanta mana da bakinki, gaban shaidu."

Na buɗe baki in ce takardar ba ta tilasta wa kowa ya ba da faifansa ba, kuma gaskiya ne, ba ta tilasta ba. Amma babu na'urar kwafar faifai a garin, babu a Kafin Hausa, kuma jiya-jiyan nan na gama yi wa ɗan kasuwa wa'azin aikin gayya a mota. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ba shi. Sauran hasken ranar na ƙarar da shi ina rubuta wa Yaya matakan zubi ɗaya bayan ɗaya a littafin darasi, har da yadda zai kauce wa layin faifai na biyu.

Komawa

Lahadi ƙarfe shida Yaya ya kai ni Kafin Hausa. Na samu mota kai tsaye zuwa Dutse, naira ɗari biyu da hamsin, da ƙullin kuka da daddawa da matar Yaya ta ba ni. A shingen Kiyawa yaron nan na shekaranjiya ya gane ni, ya buɗe jakar da ladabi, ya ga ɗankwali babu komai.

"Hajiya, ina fim ɗin?"

Na ce yana can ana kallo.

Sha ɗaya da kwata na shiga Yalwawa. Maigidana ya dubi jakar ya ce, "An ƙwace ke nan?" Na ce a'a, an karɓa dai, da shaidu biyu.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Istifanus, da dattijuwa mai kaji wadda ban tambayi sunanta ba, da matar Yaya. Faifan ba su dawo hannuna ba har yau. Bayan wata biyar Yaya ya rubuto cewa suna makaranta ta huɗu, an ɗinka musu jakar fata irin ta littafi, kuma duk inda suka je sai an tara dattawa an karanta takardar tukuna.