Direban Bas da Kifin da Ya Fi Ƙarfin Tankinsa

Tun da na dawo birnin Toledo daga karatu, nakan leƙa shagon kifin ado na Darlene ran Asabar. Yau ga wani dattijo tsaye a gaban kantar shagon, sanye da rigar direbobin bas, idanunsa jajur, kafaɗunsa a zube. Bokiti ne a gabansa, ciki kuwa kifin pike ne, irin mai cin ƙananan kifaye, mai tsawon kusan kamu guda, ya lanƙwashe don wurin bai ishe shi ba.

"Kamar yatsa yake ran da na saye shi," in ji dattijon. "Ya cinye maƙwabtansa kaf, yanzu ko juyawa ba ya iyawa a tankina na gilashi."

"Haba baba, duk haka kuke," in ji Darlene. "Ku ga ɗan jariri ku saya, ba ku tambayi girman ubansa ba. Tankinka matsakaici ne, ɗauki gajerun kifayen nan, ba sa wuce tafin hannu. Babban kuma ka bar min, zan samar masa gida."

Yana kallon gajerun kamar fasinjojin da bai taɓa ɗauka ba. Ina jin shi kaɗai yake zaune a gida, babban kifin nan ne ke tasowa jikin gilashi idan ya dawo daga aiki.

Ya tsuguna da ƙyar, ya kai yatsa bakin ruwan bokitin. Kifin ya ɗago.

"Ki faɗa wa wanda zai karɓe shi, ba ya cin jatan lande mai ƙanƙara. Sai ƙanƙarar ta narke."

Ya miƙa mata bokitin da hannu biyu, bai ce a kamo masa ko ɗaya daga cikin gajerun ba.