Tutar da ta narke a hannuna

Har yau idan na ji warin galura a ruwan zafi, sai in tsinci kaina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Bolewa, hannuwana kore shar. Shekarun baya ne sosai, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an gama yaƙin basasa, ina ajin ƙarshe na firamare.

Gidanmu kaɗai ne mai tuta a layinmu. Mahaifina tsohon masinjan En'e ne. Tun da aka samu 'yancin kai ya kafa doguwar gora a gefen zaure, kusa da bishiyar maina, inda duk motar da ta bi hanyar Maiduguri sai ta hango ta. Da yakan sauya tutar a kai a kai. Ta ƙarshe yayana ne ya ɗaura ta, da safiyar ranar da zai tafi soja, Baba yana tsaye a bayansa yana cewa, "Muddin ina raye, ba mai sauke wannan sai kai."

Yaƙi ya ƙare, 'ya'yan wasu suka dawo, wasu aka aiko da labarinsu. Namu shiru, ko wasiƙa. Ita kuwa tuta damina da rana suka yi ta cinta. Koren ya koma kamar garin kuka, farin ya zama ruwan ƙasa, bakinta ya yi zare-zare kamar gemun masara. Da can idan iska ta taso fat-fat take yi, daga baya sai dai ta yi ta lilo ba ko sauti.

Ni a lokacin yarinya ce mai yawan kallon sama da rubuta waƙoƙi a bayan littafin lissafi, amma waƙa ba ta hana jin kunya. Malamarmu ta koya mana cewa tuta idan ta koɗe ko ta yage, sauke ta ake yi cikin mutunci a sa sabuwa. Duk ajin suka waiwayo suna kallona. Kafin a tashi tara na samu suna: 'yar gidan tsumma. Ga shi makarantarmu za ta yi maci ranar ɗaya ga Oktoba, kuma ta ƙofarmu za a bi.

Na samu Baba a zaure yana gyaran igiyar guga. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Baba, malama ta ce barin tuta haka cin mutuncin ƙasa ne."

"Malamarku ta yi gaskiya, Uwata."

"To a canza mana."

"Ita ta ɗaura?"

"A'a."

"To wanda ya ɗaura yana hanya."

Mahaifiyata ta leƙo daga bakin ƙofa ta yi mini wani kallo, na haɗiye sauran maganata.

Sai na yi irin dabarar yaro mai jin ya yi boko. Tunda ba a yarda a canza ba, ai ba a hana a rina ba. Ranar kasuwa Baba ya tafi kara, kasuwar dabbobi, wajen abokansa, Inna tana gidan suna. Na samo galura kore wajen maƙwabciyarmu mai rinin kaba, na tafasa ruwa na barbaɗa gishiri. Ƙullin yayana ya bushe ya zama kamar dutse, na yi da farce na yi da haƙori, a ƙarshe na sa wuƙar Inna. Nufina in riƙe farin a sama in tsoma gefe biyun, in shanya, in mayar kafin la'asar. Har na gama tsara yadda Baba zai ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah!"

Ina tsomawa na ji yadin ya saki. Ko ƙarar yagewa bai yi ba, rabuwa kawai ya yi a tsakanin yatsuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na kai hannu in ceto wani gefe, shi ma ya bi. A haka Baba ya same ni, ina tsamo tsumma ɗai-ɗai ina jerawa a kan faifai, wai ko za su haɗu.

Na so ya dake ni. Bai ko ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tattara su a gefen rigarsa, koren yana ɗiga a kan farar shadda.

"Baba, zan ɗinko sabuwa a makaranta, wallahi irinta sak."

"Bar gorar haka," ya ce, ya shige ɗaki.

Sati guda gorar nan tana tsaye tsirara. Baba ya daina zama a ƙofar gida, tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai. Maƙwabta suka fara shigowa da sallama ƙasa-ƙasa suna tambayar Inna, "Lafiya dai? Ko labari ya iso?" Wata tsohuwa ma kai tsaye ta yi mata ta'aziyya. Inna ta jira ta fita sannan ta sa mayafi a fuska. Ni kuwa galura ta ƙi fita daga hannuna, na wanke da toka na wanke da sabulun salo, duk wanda ya kalle ni ya san wadda ta yi. A raina na gama yarda cewa ni na yanke wa yayana hanyar dawowa.

Kasuwa ta zagayo. Bayan la'asar ina shara a zaure sai wani ramammen mutum ya faɗo ciki ba sallama, yana haki, hannun rigarsa na dama yana reto ba komai a ciki. Kuka yake yi tun kafin ya shigo. Daidai nan Baba ya fito da buta. Mutumin ya tsaya yana kallonsa, sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

Baba ya ajiye butar a hankali. "Ka daɗe," ya ce. "Shiga, uwarka na ciki."

Sabuwar da na ɗinka a keken makaranta a ɗan karkace take, koren hagu ya fi na dama faɗi. Yayana ne ya ɗaura ta da hannun hagu da haƙori, ni ina riƙe masa igiya.

"'Yar boko, wannan tutar wace ƙasa ce?" in ji shi.

"Ta Bolewa," na ce, Inna ta yi dariyar da na manta tana da ita.

Guntayen tsohuwar Baba ya naɗe su a farin ƙyalle ya binne a gindin maina. Daga nan duk ƙarshen damina sai ya kira ni mu duba tare. Idan launi ya fara gudu ko baki ya fara zare, a sauke.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin dacewa: na yi ɓarna, Allah ya rufa mini asiri. Ya dai koya mini kada in yi saurin gyara abin da na tarar wani ya bari da gangan. Kuma har gobe, idan na ga tsohuwar tuta a ƙofar wani gida, ba na saurin raina masu gidan.

Sai bayan rasuwar Baba, ina da 'ya'yana, yayana ya gaya mini. Fiye da shekara ya yi a Damagum yana gadi a tashar mota, yana jin nauyin dawowa gida da hannu ɗaya. Duk ranar kasuwa yakan hau bayan babbar motar kaya ya rufe fuska da rawani, ya wuce ta ƙofarmu, ya ga tsummar nan ya san Baba na nan. Ranar da ya hango gora ba komai, gaisuwar mutuwa ya diro yi.