Baba da Gashin Zabo

Tun ina ƴar yarinya idon Baba ya rufe, amma bai taɓa yarda wani ya riƙe masa sanda ba. Gidanmu a Malbaza yana wannan gefen kwalta, masallaci da inuwar bishiyar bedin da yake zama yana tufka igiya suna wancan gefen. Kwaltar nan kuwa ba ta hutawa da manyan motocin siminti. Baba sai ya tsaya a baki, ya karkata kai, ya saurara, sannan ya ƙetare abinsa. Yana bambance mota mai kaya da wadda ta sauke tun ba ta iso kwana ba.

Saboda haka yake tattalin kunnensa fiye da komai. Yana da gashin zabo guda da ya fige ya bar ɗan tsinin, kullum yana soke a hularsa. Bayan kowace alwala sai ya zaro shi ya juya a kunne, yana lumshe idon da ba ya gani. In na yi magana ya ce, "Uwata, ke kina sa kwalli, ni wanga shi na kwallina." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida, ni ke masa tuwo.

Wata damina ruwa ya duke shi a hanyar dawowa, mura ta kama shi. Murar ba ta gama sakinsa ba, wata rana muna cin abinci ya ɗaga hannu.

"Wa ke ɓarar gyaɗa bayana?"

"Gyaɗa kuma? Baba, bango ne a bayanka."

Ya haɗiye loma, ya sake tsayawa. "Ga ta nan. Ƙas, ƙas."

Ni da bakina na ce tsufa ne, ya ci tuwonsa kafin ya huce. Amma abin bai tsaya ba. In ya haɗiye yawu, ƙas. In ya yi hamma, ɓus, kamar an cire murfin kwalba. Shi kuma da ya ji ƙarar sai ya zaro gashin zabo ya shiga juyawa, wai datti ne zai fitar. Tun yana yi bayan alwala har ya koma yi ba dare ba rana. Ƙarar ta ƙaru, sannan ya fara cewa muryoyinmu suna zuwar masa kamar daga cikin rijiya.

Ranar da ba zan manta ba, ina dawowa daga famfo da bokiti a kai na hango shi bakin kwalta. Ya saurara yadda ya saba, ya sa ƙafa. Motar siminti kuwa ga ta nan tafe daga hagu. Na kurma ihu, bokiti ya faɗi. Direban ya taka burki har tayoyi suka yi hayaƙi, motar ta tsaya bayan ta take sandar Baba ta karya ta biyu. Wallahi ban san lokacin da na isa wurin ba. Na zagi direban nan, bawan Allah da ya ceci ubana, na zage shi tas. Da na gama da shi na juyo kan Baba ina faɗa ina kuka, so kake ka mutu, so kake a kwashe ka a buhu? Da na yi shiru sai ya tambaye ni a hankali.

"Uwata, daga wane gefe ta hito?"

Bai ji ta ba sam.

Daga ranar ya daina fita. Ya zauna a ɗaki, igiyar da ya fara tufkawa tana yashe a ƙofa. Abinci ma ya rage, don tauna tana tayar da ƙarar. Na ce to bari in riƙa ƙetarar da shi, minti nawa ne? Ya ce in na kuskura na taɓa masa sanda ba shi ba ni. Wata safiya na kai masa koko na tarar da shi ya dafe kunnuwa da hannu biyu. Ya ce, "Ido ya tahi, na yi haƙuri. In kunne ya bi shi, ta ina za ku same ni?" Na ajiye kwanon na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Magani kuwa, wane ne ba a kawo ba? Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo da ruwan albasa mai ɗumi ta ɗiga masa, ya kwana yana cewa zafi. Maƙwabciyarmu ta ce ai ƙarar kunne zancensa ake yi a wani wuri, a yi sadaka. Aka yi. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a bayan kunne, ya zuƙe jini, ya ce mugun iska ne ya fita. Wani ya kawo turare, wani man shanu. Kunnen nan ya zama tukunyar kowa, ƙarar kuma tana nan daram.

Na ce mu je likita. Ya ce a'a. Na sake faɗa, ya juya mini baya. Ashe tsoro yake ji. Ya ce, "Can aka gaya mini ido ya ƙare. Ba ni komawa a gaya mini kunne ya ƙare. In ban ji daga bakinsu ba, ina da sauran rai." Haba! Raina ya ɓaci, na ce masa in bai tashi ba, na rantse ni zan je in zauna tsakiyar kwaltar nan har motar da ta bar shi ta ɗauke ni. Ya san halina. Ya lalubo hularsa.

Majon da muka samu, wato ma'aikaciyar jinya, mace ce mai ɗan jiki, ba ta da gaggawa. Ta leƙa kunnen da ƴar fitila, ta ce, "Baba, me kake sawa a nan?" Ni na zare gashin zabon daga hularsa na ajiye mata a tebur. Ta yi mana bayani da ƙarfi don ya ji. Ta ce akwai ƴar siririyar hanya tsakanin hanci da kunne, ita ke shigar da iska. In mura ta toshe ta, duk lokacin da mutum ya haɗiye yawu sai ta yi ƙoƙarin buɗewa, ƙarar da ya fara ji ke nan. Da an bar ta, da ta tafi tare da murar. To amma gashin nan ya yi ta tura dauɗar kunne ciki, ya danƙare ta a kan dodon kunne, ga albasa ga mai an bi an ƙara. Ta ba mu maganin mura da na ɗigawa don dauɗar ta yi laushi, ta ce ya riƙa hamma da haɗiyar yawu da gangan, kada a sake sa komai, mu dawo bayan ƴan kwanaki a wanke. Na ce zai warke? Ta ce sai ta ga abin da ke bayan dauɗar, ba za ta yi mini alkawari ba.

Kwanakin nan su ne mafi muni a rayuwata. Majo ta ce dauɗar za ta kumbura kafin ta saki, amma ban zaci haka ba. Kunnen ya rufe ruf. Ina zaune gab da shi da rana tsaka yana kira, "Uwata! Uwata!" ina amsawa da iya ƙarfina, yana ci gaba da kira. Sai na kama hannunsa na ɗora a fuskata sannan ya yi shiru. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu, wai na kai ɗan'uwanta an ƙarasa shi. Ina ɗiga maganin ina cewa ya Allah kada ka sa ni ce sanadi.

Ranar wanki majo ta cika sirinji da ruwan ɗumi, na riƙe kwano a ƙarƙashin kunnensa. Ta tura, ta sake turawa. Sai ga wani baƙin dunƙule kamar ƙwallon dabino ya faɗo, da guntayen gashin zabo a jikinsa. Baba ya zabura ya ce, "Kai! Wa ya buɗe famfo?" Ruwa ne ke ɗiga a kwano. Ɗaya kunnen ma aka wanke. Majo ta ce dodon kunnen lafiya lau, amma na hagu zai ɗan ci gaba da ƙara har murar ta bar shi gaba ɗaya, ya dakata da ƙetare hanya tukuna.

Ya dakata, ba don yana so ba. Ranar da ya ce ƙarar ta tafi, ana kiran la'asar ya ɗauki sabuwar sandarsa ya fita, bai ce da kowa komai ba. Kunnen hagun nan ne ya hana ni zama. Na bi shi daga nesa ina sanɗa. Ya tsaya bakin kwalta, ya karkata kai. Motar siminti ta taho daga hagu, na toshe bakina da gyale. Bai motsa ba har ta wuce. Sannan, ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Uwata, koma gida. Tun daga zaure nike jin takalminki, ɗaya ya tsinke kina jan shi."

Na duba ƙafata. Haka ne kuwa. Ya sa sanda a kwalta ya ƙetare, ni ina tsaye a wannan gefen.