Zagayawar Na'ibi

A garuruwan Turawa da na zauna, mutum yakan ɗaura takalmi ya kewaye tafki ya dawo inda ya tashi, ba mai tambayarsa dalili. A ƙasar Daura kuwa tafiya sai da uzuri. Duk wanda ka gamu da shi zai ce, "Ina zuwa?" kuma amsa yake jira.

Na dawo gida a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, na tarar ciwon suga ya kama taubashina, na'ibin limamin ƙauyenmu. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Akwai tafki gabas da gari, hanyar shanu ta kewaye shi ta cikin gawo da kanya da goruba. Muka fara bin ta da hantsi, yana gaba da carbinsa, yana ce mini, "Ɗaga ƙafa, bawana, Turai ta cinye maka gwiwa."

Wata rana wani mai babur ya tsaya. "Allah gafarta Malam, ina zuwa?"

"Zagayawa," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Amma a bakinmu zagayawa shiga bayan gida ce, da mai babur ya kai labari tasha sai aka yi ta dariya: wace irin zagayawa ce ke cinye hantsi guda? Can wani ya tuna cewa masu burkutu, tun da aka kore su daga gari, duhuwar bayan tafkin suka koma. Dariya ta tsaya.

Ran da sugansa ya faɗi, na fito da shi daga cikin itatuwan yana tangaɗi, maganarsa na sarƙewa. Masu wankin babur suna bakin ruwa. Ba wanda ya kama mini shi. Ɗaya ya ce, "Yau Malam ya zagaya da kyau."

Na nuna musu maganinsa, na rantse. Suka ce ba a karɓar shaidar wanda ya tsufa cikin kafirai.

Da liman ya yi tafiya Kongolam, na'ibi ya shiga gaba a la'asar. Ya yi sallama ya juyo, ni kaɗai ne a bayansa. Sauran sun ta da nasu sahun a waje, har da waɗanda shi ya raɗa wa suna.

Bai sake zuwa tafki ba, bai sake leƙa ƙofar gida ba. Ciwon ya ci ƙafarsa, sannan ya ci shi. A maƙabarta na ji mai babur ɗin nan yana cewa, "Allah ya yafe masa abin da muka sani."

Aka amsa da amin, da ƙarfi.