Mati da Robar Keke

Mati manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Darni ɗaya ne ya raba gidansa da na Sama'ilu, abokinsa tun na yarinta, kuma a komai Mati ne gaba. Shi ke fara kai ƙarshen kunya a gona, shi ke ɗaga buhun gyaɗa ba mai taya shi.

Shekarar da taki ya gagari talaka, su biyun suka tafi ƙwadago lambunan Watari. A hanyar dawowa motar tumatir da suka hau ta kife, kowannensu ya karye a hannun dama. Da aka kwance ɗori, hannuwan sun shanye, ko buta ba sa riƙewa. Malam Uwaisu, ma'aikacin asibiti, ya ce su samo tsohuwar robar cikin tayar keke, su tsaga ta dogo-dogo, su ɗaure a turke suna ja safe da yamma.

"Ku fara da ɗaya," in ji shi. "In ta daina yi muku tauri, ku haɗa biyu. Ban da gaggawa."

Wata guda Mati na fama da ɗaya. Ran nan ya leƙa ta darni, sai ga Sama'ilu ya haɗa uku yana ja, har da 'yar waƙa. Ran nan tuwo bai shiga cikin Mati ba.

"Malam, lafiya?" matarsa Furera ta tambaya.

"Mutumin da ko a kokawa bai taɓa kayar da ni ba! Karayarsa ce dai ba ta kai tawa ba."

"To ai sai ka yi masa barka."

Bai yi ba. Ya daina zaman majalisa, don ya gaji da jin ana cewa Sama'ilu ya warke. Wata safiya ya haɗa roba biyar, ya cije leɓe ya fizga. Wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa, ya zube nan gindin turke.

Malam Uwaisu ya duba shi, ya girgiza kai. "Baba Mati, ka mayar da kanka baya wata huɗu."

Damina ta sauka Mati na rataye da hannu. Da ya lallaɓa gona, ya tarar Sama'ilu ya yi masa huɗar fiye da rabin gonar, yana ta zuba gumi.

"Sannu da ƙarfin hali, Mati. Zauna inuwa."

Mati ya yi godiya, ya zauna yana kallon damtsen nan yana aiki, abin na cinsa a rai.

Sai bayan kaka ya kai roba uku, bai kuma wuce nan ba. Hannun na noma, amma buhu sai an ɗora masa. Shi da Sama'ilu suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya. In dai aka yabi ƙarfin Sama'ilu a majalisa, Mati kan tashi ya ce zai je ya ba awaki ruwa.